Akwatin Ayashe

A Fagge, cikin shekarun da dalar gyaɗa take tsaye a wajen tasha, in mace ta tashi yi wa 'yarta faɗa a kan ƙazanta, sai ta ce mata ta je ta ga ɗakin Fanta. Wannan Fanta matar Sammani ce, mai ɗinkin bakin buhun gyaɗa. Su duka biyun jikokin Barebari ne, kakanninsu suka zo Kano fatauci suka zauna. Barbarcin ya tsere musu sai na gaisuwa da na zagi, amma turaren wuta bai taɓa barin gidajensu ba. Doguwa ce baƙa, ba ta da yawan magana, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ta tana sauri ko tana dariya har haƙora su fito.

Gidan ba wani gida ba ne: zaure, ɗakin maigida, ɗakinta, sai rumfar girki da makewayi. Amma komai na cikinsa yana da mazauni. Jeren kwanukanta ya tashi daga kan kantar ɗaki har kusa da azarar rufi, fanteka a ƙasa, langa a kai, ƙananan tasoshi can sama, kowane layi daga babba zuwa ƙarami, furen kowane kwano yana kallon ƙofa. Wuƙa da ashana da kwalbar kananzir suna cikin ragaya, inda hannun yaro ba zai kai ba ko ya hau turmi. Tsintsiya uku gare ta, ta ɗaki da ta tsakar gida da ta makewayi, kuma duk wadda ta ari ta ɗaki ta share kashin kaza da ita, ta gama aro a gidan Fanta ke nan. Maƙwabta suna yabon ta a gabanta, a bayanta kuwa su ce ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya shiga ɗakin.

Ba da wannan hali aka kawo ta ba. Tana amarya takan manta ludayi a cikin buhun dawa, a kwana biyu ana nema. Abin ya same ta ne daga baya. Ta haifi namiji, ya kwana talatin da ɗaya ya koma. Ta haifi mace, ta fara haƙori, gudawa ta ɗauke ta. Na ukun ya yi wayo har yana bin bango, ƙyanda ta shigo unguwa ta tafi da shi. A na farko ta yi kuka har muryarta ta dushe, a na biyu ma ta yi. A na uku, da maza suka fita da shi, ta zauna tana jiran kukan bai zo ba, da ta gaji da jira sai ta tashi ta wanke randa. Tana wankewa tana tunanin ko a buɗe ta bar ta ranar da yaron ya fara zazzaɓi. Ba ta da yadda za ta yi da ƙaddara, amma tana iya rufe randa. Daga randa ta koma kan kwanuka, daga kwanuka ta koma kan sauran gidan, zuciyar kuwa ta yi shiru, ba ta jin daɗi ba ta jin zafi.

Da ta sami ciki na huɗu, unguwa ta riga ta sa mata suna mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a wannan lungu, Yakaka, ta ce wannan karon za a yi abin da mutanen da suke yi. Cikin daminar 1951 aka haifi mace. Ranar suna da sassafe, kafin maza su taru, Yakaka ta sa jaririyar a sakaina ta kai ta juji a bayan gida ta ajiye, ta juyo ba ta waiwaya ba. Maƙwabciyarsu Falmata, wadda aka shirya da ita, ta je ta ɗauko ta shigo tana cewa ga wata ta tsinta, ko akwai mai so. Liman ya raɗa mata Hauwa, mata suka ce Ayashe, wato a yasar da ita, kuma na matan ne ya bi ta. Sammani ya san malamai ba sa son irin wannan, amma ya binne uku, saboda haka ya mai da hankalinsa kan rabon goro.

Bayan an watse Yakaka ta zauna a bakin gadon mai jego.

"Saurara, 'yar nan," in ji ta. "Abin da ke ɗauke miki 'ya'ya, idonsa yana kan abin da kika ƙwallafa wa rai. Wannan kada ki nuna kina so. Kada ki saya mata sabo, kada ki ɗinka mata, tsumman 'ya'yan wasu za ta sa. Kada ki ajiye komai a ɗakinki da sunan nata ne. In an tambaye ki, ki ce ajiya ce aka ba ki."

"Har yaushe, Iya?"

"Ni zan gaya miki."

Kafin yarinyar ta cika shekara, Yakaka ta sayar da awakinta ta bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa, hanyar da mutum kan yi shekaru a kanta yana tafiya yana ƙwadago. Ta yi sallama gida gida, ta yafe wa kowa, kowa ya yafe mata, amma maganar Ayashe ba ta faɗo mata ba. Kowace tsohuwa a Fagge ta san wannan abu da yaye yake ƙarewa: ranar da aka cire yaro daga nono, a ɗinka masa sabuwar riga, shi ke nan ya zama ɗa kamar kowa. Ba wanda ya gaya wa Fanta, don ba wanda ya zaci ba ta sani ba. Ita kuma ba ta tambaya ba, don a ganinta tambayar kanta nuna so ne. Aka yaye Ayashe, Fanta ta ci gaba da jiran Yakaka.

Daga baya ta haifi Abdulgani, sannan Kellu, duk suka zauna. Sabuwar ungozoma ba ta ce a yi musu komai ba, ta ce ai wabi ya karye. Fanta ta yarda ya karye, amma a ranta ta ɗauka riƙon da take yi wa maganar Yakaka ne ya karya shi, in ta saki kuwa kowa zai iya tafiya.

Da yara suka yi uku, aikin gidan ya ƙaru, Fanta kuwa abin da take so ke nan. Da zarar kakar gyaɗa ta wuce Sammani ya sami hutu, sai ta fito masa da jerin ayyuka. Shekara ɗaya ya ja ɗan gajeren gini a bakin rumfar girki don kada mai rarrafe ya kai ga murhu. Wata shekarar aka yi wa ɗakinta sabon daɓe, mata suka taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, ita tana bin su da ruwan makuba tana nuna musu inda bai kwanta ba. Ta tara audugar rimi ta ɗinka ƙananan katifu biyu. Aka yi wa Abdulgani akwati, aka yi wa Kellu, aka tura su ƙarƙashin gadon ƙarfe, gefe da gefe. Ayashe tana kwana a tabarmar baƙi, ta naɗe ta da safe ta jingine a bayan ƙofa. 'Yan tsummanta suna cikin adudu ɗaya da tsumman goge kwanuka, kuma a kwanon da ya samu take ci.

Kada wani ya ce Fanta muguwa ce. Tuwon Ayashe take fara kwashewa, sai dai takan miƙa mata fuskarta tana kallon wani wuri. In yarinyar ta yi tari, hannun Fanta ya tsaya cak a kan abin da take gogewa har tarin ya wuce. Ba ta taɓa dukanta ba, ba ta kuma taɓa ɗora ta a cinya gaban mutane ba. Da shekaru suka tafi, ita kanta ta daina rarrabe wanne ne na dole, wanne ne halinta. Yarinyar ta tashi shiru-shiru, mai lura. Tana da shekara biyar ta san mazaunin komai a gidan fiye da ubanta, in Abdulgani ya jefar da moɗa ita ke ɗauka ta kifa a kan faifan randa, hannun moɗar yana kallon dama kamar yadda uwarta ke yi.

Wata rana Fanta ta sa Sammani ya kafa ƙusoshi a bangon ɗaki don rataye riguna. Ya kafa ta Fanta, ya sunkuya ya kafa ta Abdulgani, ya ƙara sunkuyawa ya kafa ta Kellu, wadda ko tsayuwa ba ta gama iyawa ba. Ayashe ce ke riƙe masa ƙusoshin a tafin hannu, saura ɗaya.

"Inna, ina za a kafa tawa?"

Fanta tana ninke zani. Ta gama ninkewa, ta daidaita bakinsa.

"Ke ajiya ce. Mai da ƙusar cikin gwangwani."

Yarinyar ta ce to, ta mayar. Sammani ya dubi matarsa, ya dubi guduma, ya fita zaure. Mutum ne mai gudun magana, in abu ya fi ƙarfinsa sai ya tuna yana da alwala da zai yi.

Cikin 1957, bayan Babbar Salla, yayar Sammani ta zo daga Nguru. Gumsu sunanta, mai sayar da bandar kifi, mace mai jiki da murya, wadda kan shigo gida dariyarta ta riga ta. 'Ya'yanta duk sun yi aure, gidanta ya yi mata faɗi. Kwana biyu ta yi tana kallo: ta ga akwati biyu, katifa biyu, ƙusar yara biyu, ta ga yarinya 'yar shekara shida cikin rigar da ta yi wa 'ya'yan mutum uku hidima. Ba ta yi wa Fanta faɗa ba, ta tafi wurin ƙanenta kai tsaye. Da la'asar Sammani ya shigo ya tsaya a kan Fanta tana tankaɗe.

"Yaya ta ce a ba ta Ayashe ta riƙe. Ta ce ta ga kamar yarinyar ta yi miki yawa."

Rariya ta ci gaba da kaɗawa.

"Ban ba ta amsa ba. Za ta wuce Zariya biki, sai kwana goma sha biyu za ta dawo. In kina da magana, ki faɗa kafin nan."

Magana ɗaya ce, kuma gajeriya: ina son 'yata. Ita ce kuma maganar da aka hana ta faɗa. Fanta ta tuna tabarmar gawa da aka fita da ita sau uku, ta haɗiye maganar. Ba ta ji tashin hankali irin wanda ake ba da labari ba. Abin da ta gani kawai shi ne garin da ya rage a turmi.

Kwana uku tana juya abin. Baki ba zai iya ba, amma ita tun da can ba da baki take magana ba. A gidan Fanta, abin da ke da mazauni shi ne na gida. Rana ta huɗu, da yara suka fita wasa, ta durƙusa ta jawo akwatunan nan biyu, ta matsa su jikin ƙafar gado, ta fitar da tsohon kaskon turare da ke gefe, sai ga gurbi ya samu. Ta ɗauko zare ta auna tsawonsa ta ƙulla, ta auna faɗi ta ƙulla, ta auna daga daɓe zuwa ƙarfen gado ta ƙulla. Tana yi tana waiwayen ƙofa kamar mai sata.

"Malam," ta ce wa Sammani da ya dawo, "ina so in je Sabon Gari wurin kafinta. Akwati za a yi wa yarinyar."

Sammani ya yi ajiyar zuciya ya ce madalla, Allah ya yi mata albarka. Shi ya ɗauka ta amince, tana shirya wa yarinya kayan tafiya. Ita ta ɗauka ya gane. Kowa ya tashi yana ganin an yi magana.

Akwai wata Philomena, 'yar ƙabilar Ibo, da ke shiga gidajen Fagge ran Alhamis da tiren zare da allura da sabulu. Matan unguwa Filo suke ce mata. Mijinta Ambrose shi ne kafintan da ya yi akwatunan Abdulgani da Kellu. Ita ta zo ta tafi da Fanta. Tsakanin Fagge da Sabon Gari ba nisa, amma rabon Fanta da shiga can tun tana budurwa. Ta ja mayafi ta bi bayan Filo ta cikin layuka miƙaƙƙu, gidajen kwano a jere, warin manja da na soyayyen kifi, garmaho yana kuka daga wata taga, mata suna ciniki kai ba ɗankwali. Ta lura kwatocin layin suna buƙatar yasa, ba ta lura da wani abu ba.

Shagon Ambrose rumfa ce a bayan gidan haya, cike da ɓawon katako da bencinan coci da ba a gama ba. Fanta ta miƙa wa Filo zaren, Filo ta miƙa wa mijinta. Ya ja shi a kan ma'auninsa, ƙulli bayan ƙulli, ya yi murmushi ya ce bai taɓa ganin awo mai kyau haka ba.

"Na tafiya ne ko na ajiyewa?" ya tambaya.

"Na ajiyewa," in ji Fanta.

Ya ce to, amma shi duk akwatin da ya fita daga hannunsa sai ya sa masa marfi mai ƙarfi da hannaye biyu, haka ya koya. Sannan ya tambayi sunan da zai rubuta a kai, don yakan rubuta da farin fenti. Filo ta taɓa Fanta.

"Hauwa," in ji Fanta a hankali. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba.

A hanyar dawowa Filo ta ce, da Hausarta ta Sabon Gari, su ma a garinsu akwai yaran da ke zuwa su koma, ita ma ta binne biyu kafin 'yarta Felicia ta zauna. Ta ce amma ita da Felicia ta zauna, goya ta ta yi har ƙafafunta suna jan ƙasa. Da suka isa gida Fanta ta ciro babbar fantekar da ke farkon layin ƙasa ta ba Filo a madadin kuɗin aikin. Jeren ya yi giɓi, karo na farko tun da aka kafa shi. Ran nan Ayashe ta yi atishawa sau biyu, Fanta ta kasa cin tuwo.

Gumsu ta dawo daga Zariya ran Laraba. Ran Alhamis da hantsi, ana zaune a tsakar gida ana shan fura, Filo ta yi sallama da akwati a ka. Kore ne, an zana masa jan fure a kusurwoyi, ga farin rubutu a marfi, ga hannaye biyu na ƙarfe suna ƙyalli. Gumsu ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa.

"Ashe har akwati kika yi mata. Kai, Fanta, na ɗauki alhakinki, na zaci ko kallon ta ba kya yi. Allah ya saka. Wallahi zan riƙe miki ita kamar ni na haife ta."

Sammani yana bakin zaure yana gyaɗa kai. Fanta ta buɗe baki. Gurbin yana nan a ƙarƙashin gado, taku biyar daga inda take zaune, ta share shi da safe. Abin da ya rage kawai ta tashi ta ɗauki akwatin ta tura shi ciki, kowa ya gani. Sai Ayashe ta matso ta durƙusa a gabansa. Ta shafa furen da yatsa ɗaya, ta ɗaga marfin ta leƙa, ta shaƙi ƙanshin sabon katako. Fuskarta ta yi wani haske da uwarta ba ta taɓa gani ba.

"Inna, wannan akwatina ne?"

"Naki ne."

"Da shi zan tafi gidan Gwaggo?"

A wurin yarinyar, akwatin da tafiyar kyauta ɗaya ce. Shekara shida ba ta mallaki ko ƙusa ba, ranar da aka ce za ta bar gidan sai ga ta da abin kanta. Fanta ta ga haka sarai. Wata murya kuma a ranta ta ce, can nesa da ke, abin da ke bin 'ya'yanki ba zai gan ta ba. Ta nemi ƙarfin da za ta yi gardama da mutum uku da wannan murya, ta tarar babu.

"Da shi za ki tafi," ta ce.

Haɗa kayan bai ɗauki lokacin tafasar ruwa ba. Riga biyu, ɗan zani ɗaya, sai sabuwar rigar da Gumsu ta sayo a Zariya. Fanta ta ninke su gefe ya hau gefe, ta shimfiɗa a ƙasan akwatin, suka kwanta a kusurwa ɗaya, sauran duk fili. Ta ciro langa ɗaya daga jere ta sa, ta ƙulla turaren wuta a ƙyalle ta sa, duk da haka in an ɗaga akwatin sai ya yi ƙara. Washegari da safe Sammani ya ɗora shi a ka zai raka su jirgin Nguru. Ayashe ta durƙusa a gaban uwarta a bakin zaure.

"Inna, sai wata rana."

Fanta ta dubi tsagar kitson da ta yi mata jiya, ta ga ta miƙe daidai.

"Ki riƙa mai da komai mazauninsa," ta ce.

Da azahar Falmata, wadda ta ɗauko jaririyar daga juji shekara shida da suka wuce, ta shigo yi mata sannu. Ta zauna tana ɓare gyaɗa tana ba Kellu, tana cewa riƙo ba komai ba ne, Gumsu mutuniyar kirki ce. Can ta ce ita dai abu ɗaya ya daɗe yana ba ta mamaki, yadda Fanta mai tsaf-tsaf ta bar yarinya cikin tsumma. Tunda yarinyar ta riga ta tafi, Fanta ta ga ba abin ɓoyo, ta ce ai Iya Yakaka ce ta hana, kuma ba ta dawo ta ce ya isa ba.

Falmata ta tsaya da ɓarar gyaɗa.

"Ke, Fanta. Ai wannan daga yaye shi ke nan. Ba wanda ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini."

"Shekara huɗu kina..." Falmata ta kama baki ta fara salati, hawaye suka zubo mata.

Fanta ta ce to. Ta jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinta, kamar yadda ta jira ranar da aka fita da na ukun, bai motsa ba. Da baƙuwar ta tafi, ta tattara ɓawon gyaɗar, ta ɗauki tsintsiyar ɗaki ta shiga. Ta tsaya a tsakiya tana dubawa. Ita da ke gane an taɓa cokali, ta nemi abu ɗaya da ya canza don mutum ya bar ɗakin, ta rasa. Ƙusoshi uku da rigunansu, katifu biyu, tabarmar baƙi a bayan ƙofa.

Ta fara shara daga kusurwa kamar kullum. Da ta zo randa, ta jawo ta gaba ɗaya, abin da takan yi sau ɗaya a wata. A ɗan lungun da ke tsakanin randar da bango ta ga gwangwanin madara biyu, da na kifi ɗaya, da marafan kwalba shida, da fasasshen kasko, duk an wanke su tas. An jera su layi layi, manya a ƙasa, ƙanana a kai, daga babba zuwa ƙarami, rubutun kowane gwangwani yana kallon ƙofa. A gefe, a tsage a bango daidai tsayin gwiwa, an soka tsinken tsintsiya, an rataya masa ɗan ƙyalle.

Ta daɗe a durƙushe, tsintsiya a hannu. Daga nan ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta kai gurbin da ta auna, ta jera su yadda ta same su.

Sau ɗaya ta yi wa Sammani maganar a dawo da yarinyar. Ya ce abin da aka ba Yaya da guɗa, da wane baki zai je ya karɓo, ga shi kuma labari ya zo ta yi ƙiba, an sa ta makarantar allo, Gumsu har kunne ta huda mata. Fanta ba ta sake ba. Ta ci gaba da abin da ta iya. Aka yi wa makewayi sabuwar ƙofa, aka sake yaɓen soro kafin damina, Abdulgani ya yi girma aka ɗaga masa ƙusarsa sama. Ran Juma'a in ta sauke jere ta goge, sai ta durƙusa ta goge na ƙarƙashin gado ma. Giɓin fanteka da na langa ba ta cike su ba, matan unguwa suka ce Fanta ta fara tsufa.

Sai a Ƙaramar Sallar 1959 Gumsu ta kawo Ayashe ganin gida. Ta yi tsawo, ga 'yan kunne, ga atamfa sabuwa, tana ce wa Gumsu Inna. Sammani ya shigo da koren akwatin ya ajiye a tsakar gida, fentin ya ɗan goge a kusurwoyi, ya yi nauyi da kaya. Ayashe ta jawo shi har ƙofar ɗakin uwarta, ta cire takalmi, ta yi sallama, ta tsaya sai da aka ce ta shigo. Ta durƙusa ta gaida Fanta da ladabi, irin gaisuwar da ake koya wa yaro ya yi wa manya a gidan mutane.

"Ina zan ajiye akwatina?"

Fanta ta durƙusa ta ɗage bakin zanin gado, ta fara fito da gwangwanayen tana ajiyewa a gefe. Yarinyar ta dube su.

"Na Kellu ne?"

"Ajiya ce," in ji Fanta.

Ta kama hannun akwatin ta tura. Ya shige daidai, tsakaninsa da na Abdulgani ko yatsa ba zai shiga ba, marfin ya wuce ƙarfen gado da ƙyar. Awon bai kuskure ko kaɗan ba. Kwana huɗu ya yi a wurin.